Alhassan Ɗantata: Marayan da Ya Fara da Asusu

Ya kai ɗalibi, in ka ratsa babbar kasuwar Jimeta da hantsi, za ka ga jama'a kowa da abin da ya kasa a gabansa. Ga mai goro da faifansa, ga mai shayi da teburinsa, ga mai ƙosai tana fama da hayaƙi, ga saurayi a ƙarƙashin laima yana gyaran wayar hannu. Da za ka bi su ɗaya-ɗaya ka tambayi abin da ya sa kowannensu ya fara, da ba za ka ji amsa iri guda ba. Wani yunwa ce ta koro shi. Wani a gidansu ya buɗe ido ya tarar da sana'ar. Wani kuwa gajiya ya yi da miƙa wa mutane hannu. Mutumin da za ka karanta tarihinsa a wannan darasi, Alhaji Alhassan Ɗantata na Kano, duk waɗannan abubuwa sun shafe shi tun bai cika shekara ashirin ba. Sa'ad da ya rasu a 1955, ana ganin babu ɗan ƙasa da ya kai shi dukiya a duk Afirka ta Yamma. Amma ba yawan dukiyar nake so ka zuba wa ido ba. Mafarin nake so ka duba, watau abin da ya fitar da ƙaramin yaro daga gida ya ɗora masa kaya a ka.

An haifi Alhassan a garin Bebeji, kudu maso yamma da birnin Kano, a shekarar 1877. Sunan mahaifinsa Abdullahi, madugu ne, wato shugaban ayarin fatake. Kakansa, wanda ake kira Baba Talatin, shi ma babban falke ne da ya taso daga ƙasar Katsina ya zauna a ƙasar Kano. Zuriyarsu Agalawa ne. Agalawa mutane ne da asalinsu ya fito daga arewa, wajen ƙasar Buzaye, suka zauna cikin Hausawa har suka zama Hausawa a harshe da al'ada, amma suka riƙe fatauci ya zama tambarinsu. Su da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da fataucin goro a ƙarni na goma sha tara.

Ba za ka fahimci Alhassan ba sai ka san mene ne fataucin goro, don haka bari mu ɗan dakata a nan. Goron da Hausawa suka fi so ba ya fita a ƙasar Hausa. A kurmin ƙasar Asante yake, mutanen da Hausawa ke kira Tonawa, cikin ƙasar da ake ce wa Gana a yau. Daga kurmin ake kawo shi kasuwar Salga, a ƙasar Gwanja, inda fataken arewa ke zuwa saye. Saboda haka ne har gobe Bahaushe in ya tuna goro sai ya tuna Gwanja. Ayari kan tashi daga ƙasar Kano da rani, da jakai da alfadarai da takarkarai, ɗauke da turkuɗi da saƙi da kanwa da jar fata da sauran kayan arewa. Jagaba yana gaba yana duba hanya, madugu yana riƙe da ragamar tafiya duka: shi ke zaɓen zango, shi ke sasantawa da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu, shi ke tara kuɗin fito in an iso Kogin Kwara, shi ke raba gardama in ta tashi. Zuwa da dawowa kan ci watanni da yawa, wani lokaci har kusan shekara, ga 'yan fashi a dazuzzukan Bargu, ga ciwo, ga mutuwar dabbobi.

Shi kansa goron kaya ne mai son lele. Ana naɗe shi cikin ganye mai laima a yi huhu, kuma duk bayan 'yan kwanaki sai an kwance, an yayyafa ruwa, an tsince wanda sankara ta kama, don kada ya ɓata sauran. Falken da ya yi sakaci zai iso Kano da ruɓaɓɓen kaya. Wanda ya kula kuwa, ƙwarya ɗaya, wato goro ɗari, takan ninka kuɗinta sau da yawa kafin ta kai kasuwar Kurmi. Ka ga ke nan, yaron da ya tashi a gidan madugu, ko bai taɓa fita ba, kunnensa ya riga ya cika da lissafin riba da asara, da sunayen garuruwa, da sanin wane ne mai amana a wane zango. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sai dai Alhassan bai mori inuwar mahaifinsa ba. Madugu Abdullahi ya rasu wajen 1885, yaron yana da shekara takwas ko kusa da haka. Aka raba gado bisa shari'a, amma 'ya'yan duk ƙanana ne, babu wanda ya isa ya juya dukiya, abin da ya zo hannun Alhassan kuwa bai yi ƙarko ba. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai jarin kanta. Bayan rasuwar mijinta ta ƙaura zuwa Akara, birnin da fatake ke kira Ankara, a bakin tekun Gwalkos, inda akwai zangon Hausawa, ta ci gaba da cinikinta a can. 'Ya'yan kuwa ta bar su a Bebeji a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan, mai suna Tata.

Daga nan sunan ya samo asali. Ka san a Hausa kalmar ɗa in ta haɗu da suna sai ta zama ɗan, kamar yadda ake cewa ɗan Fodiyo ko ɗan Kano. To, mutanen Bebeji da suka saba ganin yaron a gindin wannan tsohuwa sai suka riƙa kiransa ɗan Tata. Sunan ya bi shi, ya bi 'ya'yansa da jikokinsa. Abin lura ne ƙwarai, a ganina, cewa gidan da ya fi kowane gida suna a kasuwancin Kano ba sunan madugu yake ɗauke da shi ba, sunan baiwa ne wadda ba ta mallaki ko kanta ba.

Aka sa Alhassan makarantar allo. Rayuwar almajiri a wancan zamani ba ta da nisa da wadda ka sani a yau: karatu da asuba da dare, bara don abin kai wa baki, Alhamis da Juma'a kuma, da yake ba a karatu, sai a fita neman aikin ƙwadago. Yaron ya yi dako, ya yi aike, ya yi duk ɗan aikin da zai kawo wuri. Kuɗin lokacin wuri ne, wato ƙananan ƙwanson teku da ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya. Wannan shi ne dalili na farko da ya tura shi nema, kuma ba dalili ne mai ado ba. Ciki ne da sutura. Yawancin masu ƙananan sana'o'i a ƙasarmu ta wannan ƙofa suka shigo, ba don sun yi mafarkin zama attajirai ba, sai don babu wanda zai ba su in ba su nema ba.

Amma almajirai nawa ne suka yi dako a Bebeji a waɗannan shekaru, ba wanda ya san sunansu a yau? Bambancin, kamar yadda ake ba da labari a gidansu, daga Tata ya fito. Ita ce ta hana shi cinye duk abin da ya samu, ta sa shi ya riƙa ware wani abu yana jefawa a asusu. Asusu ɗan tulu ne na yumɓu, ko ɗan akwati, mai 'yar ƙaramar kafa a sama, sakawa da sauƙi, fitarwa da wuya. An ce zuriyarsa sun adana wannan asusu don tunawa. Wurin da ya taru a ciki ba wani abin kirki ba ne in aka gwada da dukiyar da mahaifinsa ya bari, amma nasa ne, gumin kansa ne, kuma shi ne jarinsa na fari. Da yayyafi kogi ke cika.

Da ya kai shekara goma sha biyar ko wajen haka, sai ya bi wani ayari mai zuwa Gwanja, da nufin ya je ya ga mahaifiyarsa. Bai tafi hannu sake ba. Ya fasa ajiyarsa ya sayi 'yan kayayyaki a Bebeji, ya sayar da wasu a hanya, sauran ya ƙarasa da su Akara. Ka tsaya ka auna wannan. Yaro ne tsaranka, ko ma ƙaninka, ya taka a ƙasa daga ƙasar Kano har bakin teku, yana ciniki zango-zango. Mai yiwuwa yana tsammanin in ya isa wurin uwa mai dukiya wahala ta ƙare. Ba haka ta kasance ba. Labarin da aka ruwaito shi ne, bai gama hutawa ba ta kai shi wurin wani malami ta damƙa shi, ya koma karatu da bara da ƙwadago kamar dai yana Bebeji. Kana iya ganin wannan a matsayin taurin zuciya. Ni dai ina ganin mace ce da ta ga yadda gadon mijinta ya narke a hannun yara, ba ta so ta ƙara zuba ruwa a kwando. Ko mene ne nufinta, Alhassan ya dawo gida da abin da ya fi kyauta: ya ga teku, ya ga jiragen ruwa na Turawa suna sauke kaya, ya ga yadda ake ciniki a birnin da ba a jin Hausa sai a zango.

Bai daɗe da dawowa ba ƙasar Kano ta kama da wuta. Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi, a ƙarƙashin Yusufu, suka ƙi yarda, suka fice zuwa Takai suka ɗaura yaƙi. Wannan shi ne Yaƙin Basasa. Yusufu ya rasu ana cikin yaƙin, ƙaninsa Aliyu Babba ya karɓi jagoranci ya ci birnin Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Garuruwa da yawa sun ƙone, hanyoyin fatauci suka mutu, aka kama mutane masu ɗimbin yawa aka bautar, ciki har da 'ya'yan Musulmi waɗanda shari'a ta hana a bautar. Masu tarihi sun ruwaito cewa Alhassan da wasu 'yan'uwansa suna cikin waɗanda aka kama, sai da fansa suka kuɓuta.

Wanda aka taɓa yi wa kuɗi kamar akuya a kasuwa, ba ya sake kallon dukiya da idon da. Daga wannan lokaci nema ya wuce maganar ciki a wurin Alhassan. Ya ga da idonsa cewa sunan uba ba ya hana a ɗaure mutum, kuma abin hannu ne ke kwance igiya. Sau da yawa za ka ji mai ƙaramar sana'a, tela ko mai kanti ko mai sayar da itace, yana cewa ribar ba ta da yawa amma ya fi son ta da albashin wani, domin ba mai tashinsa ba mai korarsa. Wannan son mallakar kai ne, kuma ba ƙaramin dalili ba ne. Ga mutumin da baiwa ta rena, shi kuma ya ɗanɗani bauta, kalmar 'yanci ba kalmar littafi ba ce.

Da ƙura ta lafa ya koma fatauci, amma duniyar da mahaifinsa ya sani tana rushewa. Ingilishi sun ci Kumasi tun 1874, ƙarfin Asante a kan kasuwar goro ya ragu. Salga kanta yaƙin cikin gida ya watsa ta a 1892. A 1903 sojan Ingila suka shiga Kano. Tsofaffin madugai da yawa suka ci gaba da bin tsohuwar hanya da jakunansu, domin ita suka sani. Alhassan kuwa ya juya kudu, ta Ilori da Badun zuwa Ikko. Abin da ya gani yana yaro a bakin teku ya dawo masa. Jirgin ƙasa ya haɗa Kumasi da tashar jiragen ruwa ta Sakandi a 1903. Ashe ana iya sayen goro a Kumasi, a sauke shi bakin teku, a ɗora a jirgin ruwa zuwa Ikko cikin 'yan kwanaki, daga nan a yi arewa da shi. Wajen 1906 Alhassan ya riga ya shiga wannan hanya, yana daga cikin 'yan arewa na farko da suka yi haka. Ka tuna goro kaya ne mai ruɓewa. Wanda ya rage kwanakin tafiya ya rage asara, kuma yana iya juya jarinsa sau da yawa a shekara, alhali mai jaki sau ɗaya yake juyawa. In zai koma kudu yakan tafi da kayan arewa, in zai dawo ya haɗo da duwatsun wuya da yadin Turawa.

A nan dalilin nema ya sake kama. Yunwa ta daɗe da barinsa. Abin da ke tura shi yanzu ido ne, wato ganin kafar da wasu ba su gani ba tukuna.

Kafa mafi girma ta buɗe da isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, aka fara jigila sosai a 1912. Turawa da suka shimfiɗa dogo auduga suke hange, don masaƙun Ingila. Manoman Kano suka ba su mamaki. Audugar da suke nomawa masaƙan gida sun fi Turawa sayenta da daraja, gyaɗa kuwa tana shiga tsakanin gero da dawa ba tare da ta hana su abinci ba, in shekara ta yi tsanani ma a ci ta. A Turai kuma ana neman man gyaɗa ruwa a jallo, don yin sabulu da wani irin mai na kanti da ake shafa wa burodi. Ga haraji, wanda yanzu Nasara ke so a biya da sulalla ba da wuri ko hatsi ba. Manomi yana bukatar tsabar kuɗi, gyaɗa ce ke kawo su. Kafin a ankara tashar Kano ta cika da buhuna har jirgi ya kasa kwashewa.

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da sikeli, amma ba su san ƙauyuka ba, ba su jin harshen manomi, ba su san wanda za a ba bashi ya biya ba. Waɗanda suka san wannan su ne fataken goro. Don haka kamfanoni suka nemi irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo su zama wakilansu. Alhassan, wanda a lokacin ya dawo da zama birnin Kano ya gina gida a Sarari, wajen unguwar Koki, bai yi gaggawar shiga ba. Sai a 1918 Kamfanin Neja ya neme shi ya riƙa saya masa gyaɗa.

Kai da ke karatu a Adamawa, wannan kamfani ba baƙo ba ne a tarihin garinku. Tun kafin Turawa su ci Yola a 1901, lokacin Lamiɗo Zubairu, wannan kamfani yana ciniki a Kogin Binuwai. Da yake ba a sake masa ya yi gini yadda yake so a tudu ba, wani tsohon jirgi da aka ɗaure a bakin ruwa shi ne kantinsa. Jiragensa kan hauro ne da damina kawai, in kogi ya cika, su sauke gishiri da yadi, su kwashi hauren giwa da ƙaro da sauran albarkar ƙasa. A gefen wannan mashigi Jimeta ta bunƙasa, fatake Hausawa da Barebari da Nufawa da wasu suka zauna, Hausa ta zama harshen ciniki tsakanin mutanen da kowa ke da harshen gidansu. Wataƙila kai ma a kasuwa ka fara jin Hausa kafin ka same ta a aji. Abin da Binuwai ya yi wa Jimeta, shi dogo ya yi wa Kano, sai dai dogo ba ya jiran damina.

Yadda Alhassan ya gudanar da sayen gyaɗa shi ya ɗaga shi sama da waɗanda suka riga shi. Yana da yara, wato amintattun mutanen da ke aiki a ƙarƙashinsa, tun zamanin goro. Sai ya baza su ƙauyuka da kuɗi a hannu tun kafin kaka. Su kuma su ba manoma bashi, ko su kai musu gishiri da yadi da goro, a kan in gyaɗa ta nuna a kawo musu. Jakai da raƙuma, daga baya kuma manyan motoci, su kwaso zuwa Kano. Babu takardar yarjejeniya a mafi yawan wannan ciniki, amana ce da sanin asali. Yaron da ya riƙe amana a ƙara masa jari, wanda ya ci a janye. Ta haka mutane da yawa suka sami abin fara nasu cinikin, domin ba kowa ne ke da asusu ba, wani ubangida ne asusunsa. Zuwa 1922 ana ganin babu attajirin da ya kai Alhassan a Kano.

A 1929 ya yi abin da ya sa sunansa ya zama tatsuniya. Ya kai ajiya bankin Turawa na Kano, wanda shi ne asalin First Bank na yau, kuma an ce raƙuma ashirin ne suka ɗauko sulallan azurfa. Mutanen zamanin ba su amince da banki ba, sun fi yarda da rami a tsakar ɗaki. A shekarar nan kuma aka haɗa Kamfanin Neja da wani kamfani aka kafa UAC, Alhassan ya zama babban mai saya masa gyaɗa. Shi ake danganta wa dabarar jera buhuna tsibi-tsibi, ƙasa da faɗi sama da tsini, waɗanda aka sa wa suna dalar gyaɗa, suka zama alamar Kano a hotuna. Ba don ado aka yi su ba. Gyaɗa ce ta fi ƙarfin jirgi, dole a san yadda za a ajiye dubban buhuna a fili ba su zube ba.

Kada ka ɗauka komai zuma ne. Manomin da ya ci bashi da bazara yakan sayar da gyaɗarsa da arha da kaka, ba shi da bakin ciniki. Farashi kuwa ba a Kano ake yanke shi ba, a Turai ne, kuma da kasuwannin duniya suka faɗi bayan 1929 manoma da ƙananan dillalai ne suka fi jin jiki. Shi kansa Alhassan, duk da raƙuman azurfarsa, akwai shingen da ba a bari ya tsallake ba: fitar da gyaɗa zuwa ƙetare yana hannun kamfanonin Turawa, kuma kaso mafi tsoka na ribar can yake tafiya. Sai bayan da gwamnati ta kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949 ne, a farkon shekarun 1950, ya sami lasin saye da sunan kansa, ba a matsayin wakilin wani ba. A lokacin ya haura shekara saba'in. Yaron da ya fara nema don kada ya zauna a hannun kowa, sai da ya tsufa kafin ya fita daga inuwar kamfani.

Akwai kuma wani gyara da nake so ka yi wa labarin in ka ji ana ba da shi a bakin titi. Mutane suna son su ce Ɗantata daga babu ya fara. Gaskiya ne ya fara ba kuɗi, amma bai fara ba komai ba. Yana da sunan gidan madugu, wanda ke sa a karɓe shi a ayari a kuma ba shi masauki a zango. Yana da uwa a Akara. Yana da karatun allo, da lissafi, da dangi Agalawa a garuruwa da yawa. Wani maraya mai ƙwazo kamarsa, amma ɗan manomi a ƙauyen da ayari ba ya bi, da wuya ya san ma akwai wani wuri wai shi Sakandi. Wannan ba ya rage wa Alhassan daraja, domin 'ya'yan madugai da yawa sun gaji fiye da abin da ya gada suka ƙare ba su da jaki. Amma yana nuna maka cewa bukata ita kaɗai tura mutum take yi, ba ta nuna masa hanya.

Waɗanda suka zauna da shi sun shaide shi da tsimi da tsari. Bai yarda da almubazzaranci ba, yakan duba lissafinsa da kansa, ya kuma sa 'ya'yansa cikin aiki tun suna samari maimakon ya bar su su zauna jiran gado. Ya yi aikin hajji ta jirgin ruwa a shekarun 1920, lokacin da mafi yawan alhazan ƙasar Hausa ke tafiya a ƙasa ta Sudan suna shekaru a hanya, ya kuma biya wa wasu suka je. Ya haɗa wa 'ya'yansa karatun addini da na boko. A ƙarshen rayuwarsa an sa shi cikin majalisar Sarkin Kano, abin da ba a saba yi wa ɗan kasuwa ba.

Da ciwon ajali ya kama shi a 1955, an ruwaito cewa ya tara 'ya'yansa da manyan yaransa ya yi musu wasiyya kada su bari kamfanin ya watse, su zauna tare, su ci gaba da zumunci. Mutumin da ya ga gadon ubansa ya tarwatse yana ɗan shekara takwas ya san abin da yake tsoro. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari.

Dalar gyaɗa ba ta daɗe sosai bayansa ba. Farin shekarun 1970, da cutar da ta kama gyaɗa a 1975, da komawar hankalin ƙasa kan man fetur, suka share ta daga filayen Kano. Gidan kuwa bai watse ba. 'Ya'yansa, musamman Sanusi da Aminu, suka faɗaɗa harkar zuwa sufuri da gine-gine da wasu fannoni. Jikar Alhassan ta wajen Sanusi ita ce ta haifi Aliko Ɗangote a 1957, wanda shi ma ya fara cinikinsa a 1977 da rancen da ya karɓa daga kawunsa. In ka bi hanyar Numan ka hangi gonakin rake na kamfanin sukari na Savannah, kamfanin Ɗangote ne ke da su.